Ƙyauren da ya cije: tarihin hoto a ƙasar Ƙonni da Adar ta bakin tsohuwar kyamara

Ƴan'uwa ɗalibai, a gidaje da dama na Birnin Ƙonni da Malbaza da Illela, in aka buɗe tsohuwar adaka ta wani baba ko kawu, akan ci karo da kyamara irin ta da, mai cin fim, kwance cikin jakarta ta fata. Wanda ya same ta yakan ja hannunta, ya danna maɓalli yana jiran ya ji "ƙyas", sai ya ji shiru. Wani lokaci ta buɗe ido ta ƙi rufewa. Nan take sai a ce ta mutu, a miƙa wa yara su yi wasa, ko a haɗa ta da tarkacen da ƴan gwangwan ke saye.

Mafi yawan lokaci ba mutuwa ta yi ba. Wani ɗan abu ne guda a cikinta ya cije, wanda masu faransanci ke ce wa obturateur. Mu a nan za mu kira shi ƙyauren haske, don aikinsa kenan: ya buɗe, haske ya shiga, ya rufe. In muka bi tarihin wannan ƙyaure, za mu ga yadda sana'ar hoto ta shigo ƙasarmu, da yadda ta bunƙasa, da yadda ta durƙushe. Za mu kuma gane dalilin cijewarsa da abin da ya kamata a yi masa.

Mene ne ƙyauren haske?

Kyamara ɗaki ce mai duhu. A gaba akwai gilashi, wato idonta, a baya akwai fim wanda haske ke yi wa tabo. In haske ya yi yawa hoto ya ƙone, in ya yi kaɗan hoto ya fito baƙi ƙirin. Saboda haka dole a sami mai gadi tsakanin ido da fim, wanda zai auna lokacin da haske zai shiga. Lambobin nan da kuke gani a jikin tsohuwar kyamara, 30, 60, 125, 250, 500, awon wannan lokaci ne. In an sa 125, ƙyaure zai buɗe na kashi ɗaya cikin 125 na daƙiƙa. In an sa 1, daƙiƙa guda cur. In an sa harafin B, zai zauna a buɗe muddin yatsa na kan maɓalli.

Iri biyu ne suka fi yawa. Na farko yana cikin idon kyamara: waɗansu ƴan fallayen ƙarfe ne sirara, sun fi reza siranta, suna haɗuwa a tsakiya su toshe hanya, in an danna su watse gefe su komo. Na biyu yana can baya dab da fim: labule biyu ne, na ƙyalle mai roba ko na ƙarfe, ɗaya ya wuce ya buɗe, ɗayan ya biyo sawunsa ya rufe. Ku riƙe wannan bambanci, za mu komo kansa.

Wa ya fara riƙe kyamara?

A shekarar 1839 aka bayyana wa duniya dabarar ɗaukar hoto a birnin Paris. Ba a jima ba ta sauka gaɓar tekun Afirka ta Yamma. Wani baƙar fata ɗan Amurka, Augustus Washington, ya koma Laberiya a 1853 ya ci gaba da sana'ar hoto a Monrobiya. A Ankara ta ƙasar Gana, gidan Lutterodt sun yi suna da ita tun ƙarni na 19. A 1888 George Eastman ya fito da Kodak, ƙaramar kyamara mai naɗin fim wadda ko wanda bai koyi sana'ar ba zai iya riƙewa.

Shekara goma sha ɗaya bayan fitowar Kodak, a watan Mayu na 1899, tawagar sojan Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta faɗa wa Birnin Ƙonni, ta yi kisan da har yau ba a manta ba. Ba ɗan Ƙonni ko ɗaya da ya riƙe kyamara a ranar. Labarin ya iso mana ta bakin kakanni da kuma takardun Faransawa. Cikin shekarun da suka biyo baya, kyamarar da ta ratsa ƙasashen Sudan tana hannun baƙo ne: soja, ko ma'aikacin mulkin mallaka, ko ɗan kasuwa irin su Fortier na Dakar, wanda ya yi ta buga hotunan mutanen Afirka ta Yamma a katin wasiƙa ana sayarwa. Shi ke zaɓen wanda za a ɗauka, shi ke cewa tsaya nan, shi ke rubuta abin da ya ga dama a ƙasan hoto. Sau da yawa ko sunan mutum babu, sai dai a rubuta ƙabilarsa.

Wannan ne ya sa hoton da kakanka ya je da ƙafarsa, ya sa rigar da yake so, ya biya da kuɗinsa aka ɗauke shi, yake da wata daraja ta daban. Shi ya zaɓi yadda jikokinsa za su gan shi.

Zamanin hannu

Kyamarar da talaka ya fara sani a kasuwanni da bakin ofisoshin Afirka ta Yamma akwatin katako ce mai ƙafa uku, da baƙin ƙyalle kamar hannun riga a jikinta. Abin sha'awa, yawancinsu ba su da ƙyaure sam. Hannun mai hoto shi ne ƙyauren. Yakan zaunar da mutum a benci, ya ce kada ka motsa, ya cire murfin idon akwatin, ya ƙirga a zuci, ya mayar. Takardar hoto yake sa wa a maimakon fim, kuma ba ta saurin kama haske, shi ya sa ƙirgen hannu ke isa. Sai ya zura hannu cikin akwatin, inda ya ajiye ƴan kwanonin ruwan magani, ya wanke hoton a ciki. Abin da ke fitowa dodon hoto ne: fari ya zama baƙi, baƙi ya zama fari. Sai ya manna shi a wani ɗan allo gaban idon akwatin, ya sake ɗaukarsa, hoton gaskiya ya fito. Kana zaune za a miƙo maka abinka da sauran danshi.

Irin wannan akwati kafinta na iya ƙera ta, in dai an sami gilashi. In ta fashe a buga mata ƙusa, in haske na ɗiga a toshe da baƙin ƙyalle. Ƙura ba ta hana ta aiki, zafi bai dame ta ba. Abin da ba ta iya ba shi ne kama motsi. Doki a guje, ɗan kokowa a fage, yaro mai ƙiriniya, duk sun fi ƙarfinta. Dalili kenan da mutanen tsofaffin hotuna suke a sandare, hannu bisa gwiwa, fuska a ɗaure. Ba fushi suke ba, an hana su motsi ne.

Zamanin sifirin

Wanda ya ba kyamara sauri shi ne mai aikin agogo. A 1912 kamfanin Deckel na birnin Munich a Jamus ya fito da ƙyauren da ake kira Compur, mai fallayen ƙarfe da sifirin da ƴan ƙananan haƙora irin na cikin agogo. A 1925 Leica ta fito da ƙyauren labule da ƙaramin fim mai faɗin milimita 35. A 1929 Rolleiflex ta biyo baya, mai ido biyu, ɗaya bisa ɗaya, wadda ake rataya wa a wuya ana leƙawa ta sama. Bayan yaƙin duniya na biyu Japanawa suka shiga kasuwa da masu sauƙin kuɗi, irin su Yashica. Naɗin fim ɗinta guda hoto goma sha biyu yake ɗauka, kowane dodo santimita shida a shida, babba, mai fitar da zanen shadda da aikin wuyan riga tsaf.

Da irin waɗannan kyamarori aka yi zamanin gidajen hoto. A Bamako, Seydou Keïta ya buɗe nasa a 1948, daga baya Malick Sidibé ya yi tashe da hotunan samari. A Bobo-Dioulasso akwai Sanlé Sory. A Yamai akwai Philippe Koudjina, haifaffen Kwatano a 1940, wanda ya ɗauki samari da ƴan mata a wuraren rawa cikin shekarun 1960 da 1970, ya rasu a 2014. Tarihinsa ya nuna hanyar da sana'ar ta biyo: daga gaɓar teku ta hauro arewa, a hannun Yarabawa da mutanen Togo da Dahome da Gana, kafin ƴan gida su koya a wurinsu. Gari irin Ƙonni, mai zaune kan babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram, ga hanyar Tawa ta rabu nan kusa a Tsarnawa, ga Illela ta Najeriya da hanyar Sakkwato a tsallaken iyaka, ba yadda za a yi sana'ar da ke tafe da ƴan ci-rani da fatake ta tsallake shi.

To me ya sa mutanenmu suka buƙaci hoto? Da farko hukuma ce ta tilasta. Katin ɗan ƙasa na son hoto. Takardun jarrabawar lakwal na son hoto. Fasfo na mai niyyar Makka, da lasin tuƙi, da katin ma'aikaci a wuri irin masana'antar siminti ta Malbaza wadda ta fara aiki cikin shekarun 1960, duk sai da hoto. Daga tilas sai aka koma sha'awa. Ƙasar Adar ta yi suna da tafiya ci-rani, Abijan da Ikko da sauran biranen kudu. Saurayin Illela ko Badagishiri in ya je ya samu, yakan shiga gidan hoto da sabon agogo da rediyo a hannu, ya aiko gida. Hoton nan wasiƙa ce ga uwar da ba ta karatu: ina lafiya, ga shaida. Sai hoton Salla, da na amarya da ƙawayenta, da na ƴan Samariya a zamanin Seyni Kountché, da na kokowa, wadda aka fara gasarta ta ƙasa a Tawa a 1975. Ɗan kokowa yana ɗaga abokin karawarsa sama, ƙyauren sifirin ya buɗe ya rufe cikin kashi ɗaya bisa 500 na daƙiƙa, ya tsayar da shi a iska. Akwatin katako ba ta taɓa iya wannan ba.

Har sinima ma da sifirin ta fara a ƙasar nan. Jean Rouch, Bafaranshen da ya zo Nijar a 1941 a matsayin injiniya ya koma mai fim, ya yi finafinansa na farko da kyamarar Bell & Howell wadda ake wanawa da hannu kamar agogo, ta yi aiki ƴan daƙiƙoƙi ta tsaya, a sake wana ta. A kusa da Ƙonni ya rasu, cikin haɗarin mota, ranar 18 ga Fabrairu 2004. Cikin motar har da abokinsa Moustapha Alassane, mai fim ɗin nan da ya zauna a Tawa.

Muhimmin abu game da zamanin sifirin shi ne, kayan na gyaruwa. Duk abin da ke cikin ƙyauren Compur ido na ganinsa, hannu na taɓa shi. Mai gyaran agogo mai haƙuri yana iya kwance shi, ya wanke, ya mayar. Malick Sidibé kansa ya shahara da gyaran kyamara, shagonsa na unguwar Bagadadji cike yake da su jere a kan kanta.

Zamanin batir da hoto mai kala

Cikin shekarun 1970 ƙananan kyamarori masu fim ɗin milimita 35 suka cika kasuwa. Akwai Zenit ta Tarayyar Sobiyet, mai nauyi kamar dutse, mai ƙyauren labule. Akwai Pentax K1000 da ta fito a 1976, ita ma sifirin ce ke tafiyar da ita, batir ɗinta na awon haske ne kawai. A wannan shekara kuma Canon ta fito da AE-1, wadda in babu batir ko "ƙyas" ba za ta ce ba. Daga nan lantarki ya fara karɓe aikin agogo.

Cikin shekarun 1980 injinan wankin hoto mai kala suka bazu a manyan biranen Afirka ta Yamma. Wannan ne ya karya gidajen hoto. A da mai hoto shi ke ɗauka, shi ke wankewa a ɗakinsa mai duhu, sirrin sana'a na hannunsa. Da kala ta zo, wanki ya koma wurin mai inji. Duk wanda ya mallaki ƙaramar kyamara da keke ya zama mai hoto, yana bin biki da suna, ya tara fim ya aika birni a wanke. Mutane kuwa sun ga kala, sun daina son baƙi da fari.

Sai tsadar kaya ta biyo. Fim da takarda da ruwan magani duk daga waje suke zuwa. A watan Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kayan waje suka yi tashin gwauron zabo. Garin iyaka kuma kasuwarsa na rawa da iyakar: in an rufe ta, kamar yadda Najeriya ta yi daga 1984 zuwa 1986, kowace sana'a mai dogaro da kayan tsallake sai ta ji a jikinta. Ƙarshen zance ya zo da kyamarar dijital, sannan wayar salula mai hoto. Manyan kamfanonin fim ma ba su tsira ba: a Janairu 2012 Kodak ta je kotu neman kariya saboda bashi, alhali wani injiniyanta ne, Steven Sasson, ya haɗa kyamarar dijital tun 1975.

Ku lura da yadda abin ya tafi. Ƙyauren hannu kafinta ke gyara shi. Na sifirin mai agogo ke gyara shi. Na batir sai an sami kayan kamfani. Na waya kuwa in ya lalace sai dai a sayi wata. Kowane mataki ya ƙara sauri da sauƙi, ya kuma ƙara nisanta gyara daga hannun ɗan gari. Shi ya sa a yau kyamarar 1960 ta fi ta 1995 saurin farfaɗowa.

Me ke sa shi cijewa a ƙasarmu?

Na ɗaya zafi. A bazara, watannin Afrilu da Mayu, zafin Ƙonni na wuce digiri 40, cikin ɗakin kwano kuwa ya fi haka. Giris ɗin da kamfani ya shafa a wuyan idon kyamara yakan narke, mai ya gangaro kan fallayen ƙyaure. Fallayen nan a bushe aka ƙera su su yi aiki. Ɗigon mai kaɗan ya isa ya manne su da juna, kamar yadda ruwa ke manne gilashi biyu.

Na biyu ƙura. Hazon hunturu ya fi gari laushi, ba inda ba ya shiga. In ya haɗu da tsohon mai sai ya zama kwaɓi, ya daskare cikin haƙoran injin jinkiri. Wannan inji shi ke riƙe ƙyaure a buɗe in an sa 1, ko 2, ko 4, ko 8. Dalili kenan da za ka ga kyamara na bugawa lafiya a 250 amma ta maƙale a 1.

Na uku zama. Sifirin da haƙora suna son motsi. Kyamarar da ta shekara talatin a adaka kamar babur ne da aka jingine tun zamanin Kountché.

Na huɗu tsufan roba da soso. Labulen ƙyalle na bushewa ya tsattsage, ko zarensa ya saki. A kyamarori masu madubi a ciki akwai wani ɗan soso inda madubin ke bugawa. In ya tsufa yakan narke ya zama kamar kwalta, ya riƙe madubi a sama, mutum ya zaci ƙyaure ne ya lalace. Damina kuma na kawo danshi, jakar fata ta sha, fumfuna ta kama gilashi.

In ka sami ɗaya, ga yadda za ka bi da ita

Doka ta farko, ɗan'uwa: ban da ƙarfi. In hannu ya ƙi jawuwa, ƙyale shi. Haƙoran ciki ƙanana ne, tilas guda na iya karya abin da ba a sayar da shi ko a Yamai.

Kafin ka buɗe bayanta, duba ko akwai fim a ciki. Murɗa ɗan hannun naɗewa a hankali. In ka ji nauyi, akwai. Kada ka buɗe. Wataƙila hotunan da aka ɗauka shekara talatin da suka wuce ne ba a wanke ba, kuma haske na daƙiƙa guda zai shafe su. Danna ɗan maɓallin da ke ƙasan kyamarar, ka naɗe fim ɗin ya koma gwangwaninsa tukuna. Sau da yawa ma cijewar kenan gaba ɗaya: fim ya ƙare, hannu ya tsaya a rabi.

In mai batir ce, buɗe gidan batir. In ka ga farin gari ko kore, tsohon batir ne ya zube. Goge shi da tsinken auduga, ka sa sabo irin nata. Kada ka kwance ƙananan nan na roba masu filashi a jiki, akwai wutar da ke kwance a ciki mai iya fizgar mutum ko da an cire batir.

In babu fim, buɗe baya, ka fuskanci haske, ka sa B ka danna. Ka ga ya buɗe? Ka saki, ya rufe? Sai ka bi lambobin daga 500 kana sauka. A 1, kasa kunne: lafiyayyen ƙyaure na yin wani ɗan kuka mai santsi na daƙiƙa guda sannan ya rufe. In kukan na yankewa, injin jinkiri ne ya yi datti. In fallayen na buɗewa a kasalance ko kana ganin sheƙin mai a kansu, mai ne. In labule ne, duba ko na biyun na isa ƙarshe, ka kuma haska tocila ta gaba cikin duhu ka ga ko akwai ƴan huji. Irin su Zorki da FED na Sobiyet suna da tasu doka: sai an ja hannu kafin a canja lamba, in ba haka ba a ɓata su.

Akwai wani ɗan hannu a gaba mai ba mai hoto daƙiƙa goma ya ruga ya shiga hoto. A tsohuwar kyamara kada ka taɓa shi. In ya maƙale a hanya yakan kulle ƙyauren gaba ɗaya.

Maganin farko motsa jiki ne: ja ka danna, ja ka danna, sau da yawa, a lambobi daban-daban. Da dama suna warwarewa da haka. In bai yi ba, sai wanki, kuma wanki aikin mai gyaran agogo ne. Zai cire gilashi, ya wanke fallaye da haƙora da man laita mai saurin bushewa, ya bar fallayen a bushe, ya ɗiga man agogo da bakin allura a kan ƴan sandunan haƙora kawai. Abin da ba a yi shi ne a zuba mata man keken ɗinki, ko baƙin mai, ko man gyaɗa, ko a fesa WD-40. Ranar farko za ta buga kamar sabuwa, bayan wata guda ta manne fiye da da, gilashi ma ya yi hazo. Gyaran gangar Auzinawa kenan. Kada kuma man laita ya taɓa labulen ƙyalle, kada yatsa ya taɓa fallaye.

In ta tashi, ajiye ta ba a ɗane ba, a cire batir, a raba ta da jakar fata, a sa ta inda ba rana ba danshi. Kowane wata a ɗauko a buga ta sau ƴan kaɗan. Rigakafi ya fi magani.

Abin da ya fi kyamarar daraja

Inda aka sami tsohuwar kyamara, galibi akwai ambulan ko gwangwani cike da dodon hoto a kusa. Su ne dukiyar. Duniya ta san Seydou Keïta ne a farkon shekarun 1990 saboda ya adana dubban dodannin hotunansa, aka sake wanke su suka fito garau. Malick Sidibé ma ajiya ce ta kai shi ga babbar lambar yabo ta birnin Venice a 2007. Da gara ta riga masu bincike, da ba wanda ya ji sunansu a wajen Bamako.

Namu kuma suna cikin haɗari yanzu haka. Zafi na narkar da fim. In ka buɗe gwangwani ka ji warin tsami, ya fara ruɓewa, a ware shi daga sauran. Gara na cin takarda, ɗigon damina na manne hotuna, ledar albam na kwashe fuskar mutum. Wanda ya fi duka sauri shi ne mutuwar masu sanin sunaye. Tsohuwar da za ta dubi hoto ta ce wannan wane ne, ɗan wane, ranar auren wance, in ta tafi hoton ya koma kamar katin Fortier: fuska ba suna.

Masanin tarihi Djibo Hamani, wanda jami'ar Tawa ke ɗauke da sunansa, ya rubuta tarihin Adar kafin zuwan Turawa, ya kuma dogara ƙwarai da abin da tsofaffi suka faɗa masa. Wanda zai rubuta tarihin Ƙonni da Malbaza da Illela na bayan 1960 yana da wata shaida da babu ita a wancan zamani: yadda kasuwa take, irin ɗinkin da ake yayi, fuskar ma'aikatan siminti na farko, manoman albasa na Galmi, hawan Salla a ƙofar Sarkin Adar a Illela. Duk suna cikin adakokin gidajenmu, in an tsamo su da wuri.

Aikin ba ya son kuɗi. Kowane ɗalibi ya nemi izinin manya a gida, ya fito da hotunan. A riƙe su ta gefe da busasshen hannu. A ɗauke su da waya a inuwa, ba filashi. Dodon hoto a ɗora shi gaban farin haske a ɗauka, akwai manhajojin da ke juya shi ya koma hoto. A zauna da inna ko kaka a tambaye ta, a rubuta suna da gari da shekara a bayan hoton da fensir, ban da biro, don tawada na ratsa takarda. In akwai hatimin gidan hoto a baya, a kwafe shi cikin littafi. Da haka za mu tattara sunayen masu hoton garuruwanmu, waɗanda suka ɗauki kowa amma ba a cika tunawa da su ba. Kada a watsa hoton kowa a Facebook ko WhatsApp sai masu shi sun yarda, musamman na mata. Sannan a mayar wa mai abu abinsa cikin ambulan na takarda.

In a unguwarku akwai tsohon mai hoto ko mai gyaran agogo da ke raye, ku je ku gaishe shi da littafi a hannu. Ku tambaye shi wa ya koya masa, a ina yake sayen fim, wace kyamara ya fara riƙewa, yaya yake yi da ƙurar hunturu. Hutun da ke tafe ya isa kowannenmu ya gama da gida ɗaya.